Man Giyar Da Na Ƙi Juyewa

Malam Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni tsohon direba ne, haifaffen Kutemeshi, kuma abin da zan ba da labari ya faru ne saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu. A lokacin ina saurayi mai jini a jika, na gama zaman karen mota a wajen ogana a tashar Birnin Gwari, na san babbar mota kamar yunwar cikina. Ina ji da kaina ƙwarai, don a ganina direbobi biyu ne a ƙasar nan, ogana da ni. Ana cikin haka wani attajiri mai sayen gyaɗa da auduga ya ɗauke ni in riƙa tuƙa masa wata doguwar mota 'yar Amurka da ya sayo a Kaduna. Ba ta da kuloci, ita ke sa wa kanta giya, har mutane kan leƙo su ga ƙafata ta hagu zaune ba aiki, su yi ta mamaki.

Ranar da muka je ɗaukarta, bakaniken kamfanin ya buɗe gaban motar ya nuna mini ƙarfen awon mai guda biyu. Ɗaya na baƙin man inji ne wanda na sani, ɗayan kuwa na man giya ne, ja wur kamar zoɓo. Ya ce muddin ja ne to lafiya lau. In ya yi duhu yana warin ƙuna, ko ya koma fari-fari, to a juye shi nan take a zuba sabo, kada a ɗaga masa ƙafa ko na wuni ɗaya. Ya haɗa mu da galan-galan na irinsa, ya ce kada in kuskura in zuba wani. Ni dai gyaɗa kai kawai nake yi, a zuciyata ina cewa wai yau ni za a koya wa mota.

Maigidana yana da tsohuwa wadda duk gari ke kira Iya. Tun tana da ƙuruciya mijinta ya tafi Makka a ƙasa ta hanyar Sudan, bai dawo ba, sai labari aka kawo cewa can aka binne shi. Tun daga nan ba ta da wani buri sai ta taka wannan ƙasa ta sauke farali. A shekarar da nake magana ƙafafunta sun fara ƙin ɗaukarta, idonta ma ya raunana, kowa ya san in ba bana ba to da wuya. Maigida ya samo mata kujera a jirgin alhazai na ƙarshe da zai tashi daga Kano, ya yi gaba don ya kammala takardu, ya bar mini amana in kawo ta ita da ƙanwarta ana gobe jirgi zai tashi.

To, mu direbobin wancan zamani muna da al'ada, in za a yi babbar tafiya sai a shiga da mota cikin rafi a wanke ta tas. Babbar mota doguwar ƙafa gare ta, ruwa ba ya kai wa cikinta. Wannan kuwa cikinta kusan jan ƙasa yake, ga shi damina ta faɗi, rafin bayan gari ya ƙaru. Ban yi wannan tunanin ba, ni dai so nake a ce motar da ta kai Iya tana ƙyalli. Na kutsa da ita har ruwa ya taɓo ƙofofi, na daɗe ina cuɗa ta. Da na fito na zaro ƙarfen awo don in duba. Man ya tashi daga ja, ya koma kamar an dama nono da zoɓo.

Wallahi na tuna maganar bakaniken nan sarai, kuma galan-galan suna nan a bayan mota. Amma maimakon in kwanta ƙarƙashinta in juye man, sai na nufi tasha wajen ogana. Ya duba, ya murza man a yatsa, ya yi dariya ya ce ashe har yanzu ba a yaye ni ba. Ya tuna mini dokar da ya ɗora mu a kai, cewa ba a buɗe cikin mota ranar jajibirin tafiya, kuma man giya ƙari ake yi masa, ba a juye shi, don shi da giya tare suke tsufa. Ya ce ruwa baƙo ne, da ƙarfe ya ɗau zafi zai kama gabansa, kada in tada zaune tsaye. Ba na ganin laifinsa, Allah Ya ji ƙansa, dokarsa gaskiya ce a kan motocin da ya sani, wannan kuwa ko sitiyarinta bai taɓa riƙewa ba. Ni ina sane na kai masa tambayar, don amsar da raina ke so ke nan.

Da safe gari ya fito rakiya, mata na guɗa, tun a nan aka fara kiran Iya da Hajiya. Muka kama hanyar Funtuwa, mota na tafiya sumul har na fara yi wa bakanike dariya a raina. Sai da muka nutsa cikin daji, a wani hawa mai tsawo, na ji inji na kuka amma mota ba ta ja. Na ƙara taka totur, kukan ya ƙaru, wari ya cika mu, ta yi 'yar girgiza ta tsaya. Iya ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata ƙaramin abu ne. Na shige ƙarƙashi cikin taɓo na kwance, na juye man da ya kamata in juye tun jiya, yana fita da baƙin gari-gari a cikinsa. Na zuba sabo. Ta motsa kamar za ta yi, ta ɗan taɓa tafiya, daga nan ko gaba ko baya.

A nan na yi rantsuwa a zuciyata cewa ko a bayana ne sai na kai tsohuwar nan Kano. Na bar su a inuwa, na bi sawun shanu da gudu har na iske wata ruga. Bafulatanin da na samu, da jin cewa maniyyaciya ce, bai ko tsaya tambaya ba, ya kwanto takarkarinsa, wato sansa na ɗaukar kaya. Muka ɗora Iya, ƙanwarta na riƙe da ita, ni na ɗauki akwatinta a ka, na bar motar maigida a dajin ban ko waiwaye ta ba. Muka yi ta tafiya ƙafafuna na jini har la'asar, sannan Allah Ya kawo wata motar katako. Direban ya san ni, ya sauke yaransa daga gaba ya sa tsofaffin, ni na haye kan gungume. Har na fara hamdala sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa.

Matasa ba za su san wannan ba, amma a wancan zamani hanyoyin jar ƙasa ne, in an yi ruwa sai a sauke shinge a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska, ƙananan motoci ne kaɗai ke wucewa. Muka iske shinge a sauke. Na roƙi mai gadi, na durƙusa masa, na kai shi ya ga Iya da idonsa. Shi ma sai da ya yi ƙwalla, amma ya ce umarnin Baturen hanya ne, in ya ɗaga, a bakin aikinsa ne, kuma ga motoci a gabanmu kowa zai ce sai shi. Na tsaya a tsakiyar hanya ina jiran wata ƙaramar mota in tare, ko ɗaya ba ta zo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da a motarmu muke, da ko tsayawa ba za mu yi ba.

Sai washegari rana ta ɗaga aka buɗe. Daga Funtuwa na sake nemo wata mota, ban ci ba ban sha ba, muka shiga Kano bayan azahar. Maigida na tsaye a bakin filin jirgi, da ganin fuskarsa na san an gama, jirgi ya tashi. Ban ɓoye masa komai ba, tun daga rafi har tasha na faɗa. Ya ɗaga hannu zai mare ni, Iya ta hana, ta ce a ƙyale yaro, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kira ne bai zo ba. Da ya mare ni ɗin da ya fi mini sauƙi. Muka komo gida, mutane suka ci gaba da ce mata Hajiya don su faranta mata, ita kuwa duk wanda ya faɗa sai ta gyara masa, ta ce sunanta Iya. Kafin watan aikin hajji ya zagayo ta rasu.

Na san komai ƙaddara ce, amma ƙaddara ba ta hana mutum sanin inda ya yi sake. Daga baya na koma wajen bakaniken nan na zauna ƙarƙashinsa har na koyi cikin irin wannan giya, kuma ya tabbatar mini da na juye man a ranar, na sake juyewa, da ta kai mu. Saboda haka ina kira ga duk mai irin wannan mota, yanzu da suka cika gari, ka riƙa duba man giyarka. In ya sauya launi, ko yana wari, ko ka ratsa ruwa mai zurfi, kai ta wajen wanda ya san irinta tun tana tafiya da ƙafarta, kada ka jira sai ta fara zamewa, don a lokacin sabon mai ba ya ta da abin da ya riga ya ƙone. Kuma kada girman wanda ya koya maka ya sa ka tambaye shi abin da bai sani ba. Ni aikin da bai fi a sha fura a tashi ba na ƙi yi, kuma ba ni na biya ba, tsohuwar da ba ta san ma mota na da man giya ba ita ta biya.