Iya Dije da Kaboyin Takarda

Tarihin duniya cike yake da yaƙe-yaƙen neman mulki, amma ban karanta ko ɗaya da aka yi da ƙiyayya tsantsa irin wanda muka gwabza da kakata, Iya Dije, a kan yara shida da tabarma ɗaya ba.

A gidanmu na unguwar New Bell a birnin Duwala, da an idar da magariba, Iya takan jawo murhun gawayi ƙarƙashin rumfar kwano, ta jera masara a kai, mu zagaye ta. Ruwan Duwala na dukan kwano, sauro na karɓar rabonsa, ita tana zuba tatsuniya. Ba ta taɓa samun abokin takara ba sai shekarar da na shiga aji biyar a lekol, wato makarantar boko, na gano wani tsoho a unguwar Akwa mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. A wurinsa na samo littafin zane na kaboyi, bango a yage, takardu sun yi ja. A ciki Turawa ne masu faffaɗar malafa bisa dawakai, suna kora dubban shanu a hamada, suna harbe duk wanda ya yi musu kallon banza.

Ni kaɗai nake karanta Faransanci a cikin yaran. Na koma ɗaya gefen rumfar, ƙarƙashin fitila, na buɗe tawa fadar. Ina fassarawa, ina yin ƙarar bindiga da baki. Ƙanwata Binta ce ta fara sauya sheƙa, sauran suka biyo ta. Kwana uku Iya tana juya masara ba mai cewa ta ba da labari. Ban ji tausayinta ba. Yau ma da nake rubutun nan ban ji sosai ba.

A rana ta huɗu ta kira ni da sunan da ta laƙaba mini tun ranar da na sa gajeren wandon makaranta, irin kiran da ake yi wa malamai da Faransanci.

"Musye, kawo malaman naka mu gaisa."

Na miƙa mata. Ta kai littafin kusa da garwashi har na ɗauka ƙona shi za ta yi, amma haske kawai take nema. Ta daɗe a kan shafi ɗaya.

"Wane ne makiyayin a nan?"

"Ga su nan, Iya, a kan dawakai."

"Waɗannan na baya? Na ɗauka ɓarayi ne."

Yara suka yi dariya. Na ce ai haka ake yi a Amurka.

"To wa ke gaba? Shanun suna bin wa?"

"Ba sa bin kowa. Kora su ake yi."

"A guje? Sa mai gudu kitsensa yake zubarwa a hanya. In sun isa kasuwa me za su sayar, ƙaho?" Ta buɗe wani shafin, inda ake ɗora wa maraƙi jan ƙarfe. "Dubi nan. Ya ƙona fata a gadon baya, inda baduku ya fi so. Kunnen fa, an hana shi tsagawa? Kuma tun ɗazu nake dubawa, ban ga inda aka ba dabbobin nan kanwa ba. Wannan farar, yaya sunanta?"

Na duba rubutun da gaske, kamar zan samu. Na ce ba a faɗa ba.

"Dokin yana da suna?"

Doki yana da suna. 

Ta ajiye littafin a gefen ƙafarta, ta gyara zama. "Ga ta nan, wanda yake da abin yi ya tashi." Ba wanda ya tashi.

Labarin mahaifinta ta bayar, Baba Tanko, wanda yake sauko da shanu daga Adamawa a ƙasa, wata biyu yana tafe. Shi a gaba yake, sanda a gicciye a kafaɗa, bai taɓa dukan dabba da ita ba. Kowace saniya ya san sunanta da halinta. Wata shekara suka iso wani babban kogi da ya cika, suka tarar da wani mai garke yana zabga wa nasa bulala daga baya. Shanun suka firgita, suka watse cikin daji, wasu ruwa ya tafi da su. Baba Tanko ya tuɓe riga, ya ɗaura a ka, ya shiga ruwa har wuya, bai ko waiwaya ba. Ya kira uwar garken sau ɗaya. Ta shiga. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ko maraƙi bai ɓata ba.

"Ta ƙare," in ji Iya. "Musye, ɗauki ɓarayinka."

Da ta ƙona littafin, da na zama wanda aka zalunta, da ƙila yaran sun tsaya mini. Ta fi ƙarfin wannan kuskuren. Ta mayar mini da shi lafiya lau. Washegari na zauna ƙarƙashin fitila na buɗe, Binta ta leƙo ta tambaye ni ko an ba shanun kanwa yau. Ba wanda ya sake zama a fadata.

Na girma na zama malamin makaranta, daga baya shugabanta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda labarin tsohuwar nan ya yi ta yi mini aiki. Na sha tara malamai in ce musu shugaba gaba yake shiga, ya san sunan kowa, ba ya tsayawa baya da bulala. Sukan gyaɗa kai, wasu har su rubuta. Na kai ga yarda cewa ta kayar da ni ne don gaskiya tana wajenta, kuma amanar da ke tsakanin Baba Tanko da garkensa ita ce mafi kyawun abin da na gada.

Bara, wajen wani suna, na zauna kusa da Kawu Sale, autan Iya, wanda ya riski Baba Tanko da rai. Na tambaye shi, shanun nan da ke bin tsohon har cikin kogi, ina yake kai su.

Ya dube ni kamar bai yarda na yi karatu ba.

"Mayanka mana."