Akori-kurar da Yaya Ya Ƙi Sayarwa

Motar nan ta riga ta tsufa kafin ta zo hannunmu. Ta wani Bature ce mai haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari, ya yi shekaru yana sukuwa da ita tsakanin ramukansa da Kaduna. Da zinariyar ta ja baya ya tashi komawa ƙasarsu, sai yayana ya kora shanun da mahaifinmu ya bar mana, nasa da nawa, ya kai kasuwa. Da yamma sai ga shi an tuƙo shi cikin wata akori-kura koriya wadda rabin fentinta ya zube. Lokacin ba a daɗe da sallamo sojojin Bama ba, 'yan motocin da ke garin duk na hukumar En'e ne da na Turawa. Tun daga ranar aka daina kiran Yaya da sunansa, sai Mai Mota.

Ni ne direba, don na koyi tuƙi wurin masu aikin hanya. Yaya bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya koma ga Allah. Nasa aikin shi ne ya sha babbar riga, ya zauna gaba, ya ɗora gwiwar hannu a taga yana amsa gaisuwa. Ni ke shiga ƙarƙashinta, ni ke murɗa handil, wato ƙarfen da ake cusa mata a hanci a juya kafin ta tashi. Handil ɗin nan yakan dawo da baya ya doke ni, har wuyan hannuna ya kumbura in kasa cin tuwo da dama.

Shekarun farko ta yi mana rana, ba zan ci amanarta ba. Mun ɗauko kaɗanya da kalwa daga ƙauyuka, mun kai doya Funtuwa, mun dawo da gishiri da kananzir. Amma daga baya babu inda ba ta ciwo. Lagireto na yoyo, ina zuba masa garin kuka ya toshe, in inji ya yi zafi sai ƙanshin miya ya cika gaban mota. Ƙofar ɓangarena da igiyar rama nake ɗaure ta. Birki sai na taka, na sake takawa, na haɗa da addu'a. Akwai ɗan agogon da ke ƙirga mil a gaban direba, wanda ya cika ya koma farko tun a hannun Bature, a hannunmu kuma ya gaji ya tsaya cik. Da na nuna wa Yaya, sai ya ce, "To madalla, ka ga ta daina tsufa ke nan."

Na ce, "Yaya, mu sayar da ita tun tana iya tafiya da ƙafarta."

Ya ce, "Kai dai ba ka iya lallashinta ba ne. Bature bai taɓa kuka da ita ba."

Ban san yadda aka yi ya san haka ba, tunda bai jin Turanci, Baturen kuma Hausarsa ba ta wuce "zo" da "tafi" ba.

Abin da ya ƙure ni ya faru a farkon wata damina. Mun ɗauko buhunan kaɗanya daga Gwaska, muka biyo ta cikin dajin Kamuku. Hanyar ba hanya ba ce, sawun ƙafa ne da aka ɗan faɗaɗa. Na ce wa Yaya kayan sun yi yawa, ya ce a ƙara biyu. Muka zo wani rafi da muka saba tsallakawa, na sa giya ɗaya, muka gangara, muka shiga ruwa. Wajen hawa gaɓar can sai na ji ƙas! daga baya, kamar an karya busasshen rake. Inji na ta ihu, mota ba ta motsi. Na san aksul ne, ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, ya karye.

Wanda bai zauna a Kamuku da rana tsaka cikin damina ba bai san ƙudan tsando ba. Suna cizo ta cikin riga. Na kwanta cikin laka ina leƙen ƙarƙashin mota, suna cin ƙafafuna, wasu gwaggon birai sun jeru kan dutse suna kallonmu. Yaya ya tattare rigarsa ya tsaya a tudu yana ba da shawara.

"Ka gwada handil mana."

"Yaya, ai inji lafiyarsa ƙalau. Ƙafa ce ta karye."

"To ka gwada dai."

Allah ya kawo mana wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a bakin dajin. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya tambaya ko ba ta cizo. Ya yarda ya ba mu bijimai biyu da suka saba ɗaukar kaya, muka sauke rabin buhunan muka bari a rugarsa, aka ɗaura igiya. Washegari muka shigo gari, kuma ranar kasuwa ce. Bijimai a gaba, Bafulatani na yi musu magana da Fulatanci, ni ina riƙe da sitiyari na sunkuyar da kai kamar wanda aka kamo da sata. Mahauta suka bar nama suka fito, wani ya ɗaga murya yana tambaya ko fetur muke ba shanun ko dusa. Yaya kuwa yana zaune a gefena, ya gyara hula, yana ɗaga wa mutane hannu yana cewa, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Aka tura ta ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gidanmu. Nan ta zauna, nan rigima ta zauna tare da ita. Kullum bayan sallar asuba sai mun yi. Ni ina cewa ko an sa sabon aksul, gobe giya ce, jibi inji ne, duk abin da ta samo cikinta yake komawa. Shi yana cewa mutum ba ya yar da abin da ya yi masa hidima don ya yi ciwon ƙafa. Na ce masa rabin motar nawa ne. Ya ce to in nuna masa rabin nawa in sayar, in bar masa nasa.

Ba da saninsa ba na aika wa wani mai injin niƙa a Funtuwa, wanda na ji yana neman injin mota. Mutumin ya zo, gajere mai kaifin baki. Na murɗa handil, inji ya tashi, ya kasa kunne ya gyaɗa kai. Ciniki ya kusa faɗawa, har na ga Yaya ya fara sassautowa. Sai mutumin ya sa ƙafa ya shuri taya.

Ya ce, "Injin kawai nake so. Sauran ai gawa ce, ku bar wa kaji su yi ƙwai a ciki."

Yaya ya miƙe a hankali, ya sa hannu a aljihu ya ciro goro ya miƙa masa. Ya ce, "Malam, ga na hanya. A gai da mutanen Funtuwa."

Na bi mutumin har bakin kasuwa ina ba shi haƙuri, bai ko waiwayo ba. Da na dawo na tarar Yaya ya sa tsumma yana goge wurin da aka shura. Na yi sati ban ci abinci kwano ɗaya da shi ba.

Innarmu ce ta gaji. Ta kira ni ɗakinta, tana kaɗi, ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ce, "Ni ban san mota ba, amma na san ɗan'uwanka. In ka ja, ja zai yi har ku tsufa. Tashi ka nemo masa ƙarfen nan, a gyara, in huta da jin muryoyinku da sassafe."

Na ce, "Inna, asara ce."

Ta ce, "Na ji. Tafi dai."

Na ciro karyayyen aksul ɗin na naɗe a buhu, na hau saman wata babbar mota mai zuwa Kaduna. Bakaniken da na fara kai wa ya juya shi ya yi dariya, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya ce irin wannan mota an daina kawo ta tun kafin yaƙi, in ina so a aika Ikko, wataƙila a samu kafin kaka. Na bi gareji-gareji, na kwana a tasha, na shiga bayan layin dogo inda ake zubar da matattun motoci ina tona ciyawa. Daga ƙarshe wani ya ce in gwada Sabon Garin Zariya. A can na same shi, jikin wata 'yar'uwar motarmu da itace ya tsiro ta tsakiyarta. Ni da kaina na kwance shi. Ba zan ɓoye ba, da na auna shi da karyayyen na ga sun yi daidai, sai da na ji daɗi. A hanya har na fara tunanin in an sa shi zan sake mata ƙofa, in nemi lagireto na kirki.

Da muka doso gida sai aka yi ruwa mai yawa, masu aikin hanya suka sa shinge suka ce babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta sha iska. Ban iya jira ba. Na saɓa ƙarfen na kama tafiya. Na ɗora a ka, ya ci mini ƙoƙon kai, na mayar kafaɗa. Wasu matan Gwari da suka fito daga gona da itace a kafaɗa suka cim mini, suka yi ta dariya, ɗaya ta tsayar da ni ta naɗa mini gammo da ganye ta nuna mini inda ake ɗorawa. Da taimakonta na iso gari wajen la'asar, riga ta manne a jiki, kafaɗa ta saluɓe.

Na karyo kwanar gidanmu, na dubi gindin ceɗiya. Babu mota. Sai baƙin tabon mai a ƙasa da sawun shanu. Yaya na zaune kan tabarma daidai wurin, yana yanke farce.

Ya ce, "A'a, sannu da hanya! Ka samo?"

Na ce, "Ina motar?"

"Ai na sayar."

Ban sauke ƙarfen ba, don na manta yana kafaɗata. Na ce, "Ka me?"

Ya ce in zauna in sha ruwa tukuna. Ban zauna ba. Sai ya ba ni labari yana murmushi. Wai bayan tafiyata wani dattijo daga Tabanni, mai fataucin zuma da doya, ya zo wucewa ya tsaya. Ya yi sallama, ya zagaya motar, ya shafa bayanta, ya ce shi tun tana hannun Bature yake sha'awarta. Ya ce ya taɓa ganin ta ta haye tudun da babbar motar En'e ta kasa. Ya ce irin wannan ƙarfe ba a sake yin sa ba.

"Ka ji mutumin da ya san daraja," in ji Yaya. "Na ga in ta je hannunsa ba za ta wulaƙanta ba."

Na ce, "Yaya, wata nawa ina roƙon ka ka sayar?"

Ya ce, "To ba ga shi na bi shawararka ba? Kai ba a iya maka."

Nan na jefar da aksul ɗin, ya faɗi da ƙara har awaki suka watse. Na shiga wurin Inna ina huci, na ce ta ji abin da ɗanta ya yi. Ta ce ta ji, ita dai tun ranar da aka ja motar aka tafi da ita take barcin safe. Ta tura mini kwanon fura.

Yaya bai cuce ni ba, ya ajiye mini rabona cif. Sai da na huce washegari ya ce akwai sauran magana kaɗan. Ya yi wa dattijon alkawarin in na dawo da ƙarfen zan kai masa har Tabanni in ɗaura. Na ce ba zan je ba. Ya ce ya riga ya ba da baki, in ban je ba shi na kunyata. Na ce to a kunyata. Kwana biyu ina faɗin haka, a na uku na ɗora ƙarfen a jaki na kama hanya, don ban san abin da zan yi da aksul a ɗaki ba.

Na tarar da ita an yi mata rumfar zana, an share kewayenta. Na ɗaura ƙarfen, na murɗa handil, ta tashi, na zagaya da ita fili mutanen ƙauye na bin mu a guje. Dattijon ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, yanzu sai maganar wanda zai riƙa tuƙa ta. Duk ƙasar nan an ce kai kaɗai take ji wa magana."

Na buɗe baki in ce a'a, sai na tuna ba ni da shanu, ba ni da mota, ga iyali. Haka na koma direbanta, da albashi a wannan karon, har damina biyu kafin in sami aiki a wata babbar mota mai zuwa Gusau. Dattijon mutumin kirki ne, in na ce kaya sun isa sai ya ce a sauke ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan zama shi ne duk ranar da na biyo da motar ta cikin gari, sai Yaya ya fito bakin hanya ya tsayar da ni. Ya zagaya ta, ya sa yatsa ya shafo laka a jikin ƙofa ya nuna mini.

"Dubi nan. Haka ake riƙe motar mutane? In ba za ka iya ba ka faɗa, in gaya wa mai ita ya nemi wani."

Nakan ce, "To, Yaya," in sa giya in wuce.