Nandudu da Littafin Baƙi

Ƙarfe bakwai na safe Nandudu ke buɗe ofishin ƙungiyarmu ta manoman gahawa a Mbale. Ta kankare jar laka daga takalminta, ta ɗora ruwan shayi, ta kunna kwamfuta. Shekara goma sha huɗu ke nan. Aikinta aika wasiƙun imel ga masu sayen gahawarmu na ƙasashen waje: an fara tsinka, an shanya, kaya sun shiga sito. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Baƙo ba ya fita daga ofis a ƙasar nan sai ya sa hannu a littafin baƙi, ya rubuta adireshinsa na imel. Ko don fake wa ruwan sama ya shigo, sai an miƙa masa biro. Littafi tara muka cika, adireshin imel ya haura dubu huɗu. Shekarar da gahawa ta yi mana kwantai, shugabanmu na lokacin, Mzee Wepukhulu, ya jibge littattafan a teburinta, ya ce ta zuba kowa cikin jerin waɗanda ake tura wa tallarmu. Wanda ya rubuta da hannunsa ai ya yarda, in ji shi.

Nandudu ta ce ba haka ba ne, mutum don kara yake sa hannu, ba don gahawa ba. Za ta aika wa kowa wasiƙa ɗaya tak, ta tambaye shi ko yana so. Wanda ya latsa ya tabbatar, ya shiga. Wanda ya yi shiru, a ƙyale shi.

"'Yata, sau biyu ake sallama a ƙofa ɗaya?" in ji dattijon.

"Mzee, a littafin nan har da sa hannun surukarka. Buhu nawa za ta saya?"

Aka yi dariya, ban da shi. Ya ce ta yi yadda ta ga dama, amma in ruwan Maris ya tarar da gahawa a sito, ta nemi wani aikin.

Mutum ɗari uku da sha biyu suka tabbatar. Wasu 'yan kwamiti suka daina gaishe ta. Ita kaɗai ke taɓa kwamfutar, da ta cusa sauran sunayen ba wanda zai sani. Ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Wata ƙungiyar manoman gahawa da ke hayin kogi kuwa ta zuba nata littattafan kaf. Waɗanda ba su nema ba suka yi ta jefa wasiƙunta a shara, har na'urorin imel suka lissafa ta cikin masu damun jama'a. Daga baya ko tsofaffin masu sayenta ba sa ganin saƙonta. Namu yana isa, a buɗe, a amsa. Ruwan Maris ya sauka a kan sito babu buhu ko ɗaya.

Ke ce, Nandudu, mai tambaya kafin ki shiga. Ke ce kika riƙe mana suna lokacin da mu kanmu muke gaggawar zubar da shi, kuma ba ki taɓa yi mana gori ba.

Makon jiya Wepukhulu ya zo mata ban kwana, yana dogara sanda. Ta miƙa masa littafin. Ya sa hannu, ya tura mata.

"Na sa," ya ce, "amma ban yarda ba tukuna. Sai kin tambaye ni."

Mun gode, Nandudu. Wanda zai gaji kujerarki, ya tambaya kafin ya aika. Wanda ya yi masa shiru, ya ƙyale shi.