Ranar da Na Aske wa Mahaifina Gashin Baki

Akwai wata safiyar Juma'a da na san har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekara tara ke nan, amma ko yau na bi ta gaban shagon aski na ji kukan injin nan sai na ƙara sauri na wuce. A safiyar nan ce na aske wa mahaifina gashin baki da hannuna, yana ji yana gani, kuma ba ya so.

Wanda bai san Baba ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a gashin baki. To, ni ma haka na ce a lokacin. Baba mai sayar da huluna ne, kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna a Madabo tun zamanin da ba mu san shi ba sai a labari. A unguwarmu ba a yi wa baƙo kwatancen gidanmu da masallaci ko da lungu. Da ka ce gidan mai gashin baki, kowa zai nuna maka ƙofarmu. Gashin bakin nan cikakke ne mai kauri. Yana rage shi daidai kan leɓe yadda ba ya taɓa abinci ko ruwan sha, sannan ya bar gefe biyun su yi tsawo ya murɗe su sama. Ya ce haka mahaifinsa ya bar nasa.

Kuma ba ƙaramin aiki yake ci ba. Kullum bayan karin kumallo zai zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya jingina ɗan madubi a gwiwa. Sai ya wanke shi da ruwan ɗumi, ya taje da wani ƙaramin mataji, sannan ya buɗe gwangwaninsa. Kakin zuma ne a ciki, wanda yake narkawa da kansa da man kaɗe, ya ɗiga turare. Ya lakato kaɗan da farce, ya murza a yatsu har ya yi laushi, ya bi wannan gefe ya bi wancan yana murɗawa. In wani gashi ya bauɗe ba ya yanke shi, sai ya yi ta kwantar da shi kullum, mako biyu mako uku, har ya bi 'yan'uwansa. Mahaifiyarmu, Hajiya, takan wuce da tsintsiya ta ce, "Malam, ko amarya ba ta daɗe haka a gaban madubi." Shi kuma ko ɗago kai ba ya yi zai ce, "Ai shi kika gani kika ce kin yarda."

Ni kuwa gashin bakin nan bai taɓa burge ni ba. Da na girma na fara zuwa karatu, na ajiye ɗan gemuna, sai na ga ai na isa in yi wa Baba gyara, wai addini bai yarda a bar gashin baki ba. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "An ce a rage, na rage. A ina aka ce maka a kwashe?" Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zaurukan malamai kafin a haife ni, shi nake so in koya wa. Abin dai yana nan a raina.

Sai ciwo ya zo. Hawan jini ya kayar da shi a rumfarsa wata ranar Talata, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Bayan mako uku a asibiti muka dawo da shi gida. Hankalinsa ras yake, yana gane kowa, yana jin duk abin da ake faɗa, sai dai ba bakin amsawa. Hannun hagu kaɗai ya rage masa, shi kuwa bai iya murɗa gashin ba. Hajiya ta karɓi aikin, amma ina! Wani gefe ya kalli sama, wani ya kalli ƙasa. In an ba shi koko sai ya ɓata gashin, wani lokaci har ya bushe a ciki kafin a lura. Duk da haka kullum bayan la'asar sai mu ɗauke shi a kujera mu kai shi zaure. Abokansa na kasuwa su zo su kewaye shi, su yi ta tsokanarsa, yana dariya da idanu yana buga hannun kujera. Wannan zaman na yamma shi ne abin da ya rage masa a duniya, kuma na sani.

Ana cikin haka maganar auren 'yata ta fari ta taso. Yaron ɗan manyan mutane ne, irin gidajen da ake buɗe wa mota ƙofa. Suka aiko cewa ranar Asabar iyayensa maza za su zo gaisuwa, kuma bisa al'ada a gidan Baba za a karɓe su, tunda shi ne babba. Nan fa na rikice. Na sa aka yi wa zaure fenti, na sayo sabuwar darduma, na sa aka kwashe kwatar ƙofar gida. Da na gama na tsaya ina duba abin da ya rage, sai idona ya faɗa kan Baba, da gashin bakinsa a karkace da guntun koko a jiki. Na ce wa kaina tsafta ce, na ce ai sauƙi zan samar wa Hajiya. Ƙarya nake yi. Kunya nake ji kada baƙi su ga ubana haka, ba wani abu ba.

Ranar Juma'a da safe wanzamin gidanmu ya zo kamar yadda ya saba. Tsoho ne sa'an Baba, shi ya yi mana aski tun na suna. Hajiya ta tafi gaisuwar rasuwa Gwammaja, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan. Wanzamin ya gama aske kan Baba tas, ya gyara masa saje, ya ɗauko almakashi zai rage gashin baki daidai leɓe. Sai na ce, "Malam, yau kwashe shi za ka yi duka."

Ya juyo ya dube ni. "Wa ya ce?"

"Ni na ce. Ba ka ga yadda yake ɓaci ba? Gobe muna da baƙi."

"Alhaji," ya ce, "shekara arba'in da wani abu ina aske kan nan, askata ba ta taɓa hawa wurin nan ba. In shi ya ce a kwashe, yanzu zan kwashe." Sai ya sunkuya ya ce, "Malam, a kwashe?"

Baba ya girgiza kai. Ba sau ɗaya ba, har sau uku, yana wani gurnani daga maƙogwaro.

"To ka ji," in ji wanzami. Ya goge askarsa, ya mayar cikin zabira, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Da ina da hankali a nan maganar za ta ƙare. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Wai ni da gidan ubana, wanzami zai gaya mini abin da za a yi? Na zura takalmi na fita bakin titi, na aro injin aski mai caji a wani shago, na dawo. Baba yana nan inda aka bar shi a tsakar gida, da tawul a kafaɗa. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya fara ja da baya cikin kujerar, alhali ba inda za shi.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, minti biyu ne. Zai sake fitowa."

Na kunna. Ya kai hannun hagu ya kama mini wuyan hannu. Wallahi har yanzu ina jin riƙon nan, riƙo ne na wanda ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Yana kallon cikin idona yana girgiza kai. Ni kuwa na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na danne hannun a kan cinyarsa da gwiwata, na tallafe haɓarsa. Ko minti biyun ma bai kai ba. Abin da ya yi shekara hamsin yana reno ya zube a kan tawul.

Da na ja baya na dube shi sai na ga abin da na aikata. Ashe gashin bakin nan shi yake rufe masa asiri. Ciwon ya karkatar da bakinsa sosai, leɓen sama ya saki ya rataya gefe guda, miyau yana bin kusurwar bakin, kuma duk wannan gashin ne ya lulluɓe shi ba ma gani. Yanzu ga shi a fili, ga fatar wurin ta yi fari fat don ba ta taɓa ganin rana ba. Mutumin da ke kan kujerar bai yi kama da ubana ba.

Ya nuna tagar ɗakinsa, inda madubin yake. Na yi kamar ban gane ba. Ya ci gaba da nunawa har na ɗauko. Ya daɗe yana kallo. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Sai ya kife madubin a cinya, ya jawo tawul ɗin, da gashin da komai, ya rufe bakinsa.

Hajiya ta dawo ana shirin tafiya masallaci. Ta janye tawul ɗin a hankali ta gani, ta mayar. Ba ta yi mini ihu ba. Ta ce, "Shekara arba'in da shida ina zaune da mutumin nan, ban taɓa ganin leɓensa na sama ba sai yau. Da yana da ƙafa da baki, za ka iya?" Na ce, "Hajiya, tsafta..." Ta ce, "Ni na kawo maka ƙara na ce na gaji? Tashi ka ba ni wuri."

Washegari baƙi suka zo, motoci uku. Muka shiga ɗaukar Baba, ya kama ƙarfen gado ya ƙi saki. Dole na fito na ce jikin ne ya ɗan motsa. Babbansu, baffan yaron, wani dattijo mai fara'a, ya ce ai sai su shiga su gaishe shi a ciki. Muna tafiya yana cewa, "Ni fa na san shi. Duk hular da na sa a ƙuruciyata a wurinsa na saya. Da aka ce mana yarinyar jikar mai gashin baki ce, na ce a bar wani bincike, gidan mutunci ne." Ya shiga ɗaki da sallama yana dariya, yana cewa, "Malam, juyo in gani, yana nan dai ko?" Baba ya juya fuskarsa bango. Haka suka gaishe da bayansa, suka yi addu'a suka fito. Ni na san abin da na ji a tsaye a bakin ƙofar nan, da sabuwar dardumata da fentina.

Daga ranar Baba bai sake yarda an kai shi zaure ba. Abokansa suka yi ta zuwa suna komawa, tun suna zuwa kullum har suka koma sai Juma'a. Abinci sai daga hannun Hajiya, shi ma sai an sakaya ƙofa. In na shiga sai ya ja mayafi har hanci. Ina ta lallashin kaina cewa gashi ne, zai fito. Ya kuwa fara fitowa, fari fat, gajere, yana tsaye ko ta ina. Wata rana da hantsi na durƙusa a gaban gadonsa na ce, "Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini." Ya dube ni ya daɗe, leɓensa yana motsi a ƙarƙashin mayafin. Bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba. Kwana arba'in da 'yan kai bayan askin Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, ba aski ne ya kashe shi ba, kada wani ya yi mini wa'azi a kan wannan. Amma kwanakin nan na ƙarshe da zai yi a cikin abokansa yana dariya, a ɗaki ya yi su fuska a bango, kuma ni na jawo. Abin da ya fi ƙona mini rai, a zaman makoki mutane suka yi ta sa mini albarka, wai ba su ga ɗan da ya riƙe ubansa kamar ni ba. Ina amsawa da amin, Hajiya tana ji daga cikin gida.

Abin da na koya na koye shi ne a lokacin da ba zai amfani Baba ba, shi ya sa nake faɗa wa duk mai jinyar tsoho. In ciwo ya ƙwace wa mutum ƙarfi da magana, bai ƙwace masa ikon kansa ba. In ya ce a'a, ko da kai ya faɗa, a'a ce. Kafin ka ce za ka gyara shi, tsaya ka tambayi kanka tsakani da Allah, don shi za ka yi ko don idon mutane. Kuma ka ji tsoron zaluntar wanda ba ya iya magana, domin ranar da za ka durƙusa neman gafara ba shi da bakin da zai ce ya yafe. Ni na durƙusa, kuma har yau ban san amsar da ya ba ni ba.