Sandar Awon Baba a Mantiƙa Sinaiya

Shekarar da muka gama kewaye filinmu na unguwar Dar Salam, a gefen Umdurman, da katangar laka, gidanmu ba a zancen komai sai zancen ƙofa. Mun daɗe muna haya a Umdurman, ƙofar wasu muke buɗewa, ta wasu muke rufewa. Yanzu ga namu gida, sai dai bakinsa a wangame yake, da tsohon buhu muke tare shi.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a gonakin Jabal Awliya, yana bin masu raba ƙasar bakin kogi. Daga can ya taho da wata doguwar sanda da ake kira udu, wadda tsawonta zira'i huɗu ne. Zira'in ƙasa ya fi kamun hannu tsawo, domin bayan an auna daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, sai a ƙara faɗin dunƙulallen hannu. Da wannan sanda ya auna harsashin gidan, da ita kuma ya bar wa ƙofa udu ɗaya da rabi, don karo, wato amalanken mai ruwa, ya shiga har da jakinsa.

Da na buga wa wani usta, wato maƙerin ƙofofi, waya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, na gaya masa awon, sai ya yi dariya ya ce shi bai san udu ba, ƙarfensa da busa ake yankawa, wato inci. Na ce wa Baba mu ari abin awon tela maƙwabcinmu. Ya duba shi, ya ja, ya ce wannan ya saki kamar tsohuwar igiyar rijiya. Na kawo shawarar mu yanki zare daidai tsawon sandar, ya ce zare ma miƙewa yake. Sanda kawai za mu ɗauka mu kai.

Ni fa daɗi ya kama ni. Na yafa tobina, lafaya mai ruwan goro, kamar mai zuwa biki. Hafila ta farko, wato motar bas, ta ƙi ɗaukar mu da sandar. Ta biyu kwandastan ya yarda muka zura sandar ta ƙarƙashin kujeru, ta fito har tsakanin ƙafafun direba. Kafin mu haye gada duk motar ta shiga zancen. Wani dattijo ya rantse udun ƙauyensu ya fi wannan tsawo, wata mata ta ɗaga hannu tana gwada zira'inta a jikin tagar mota. Baba na amsa wa kowa da Larabci, yana juyowa gare ni da Hausa yana cewa in riƙe kan sandar kada a taka ta.

Ustan ya tare mu a bakin shagonsa, tartsatsin walda na tashi a bayansa. Ya karɓi sandar da hannu biyu, ya shafa inda tafin Baba ya sa ta yin sulɓi, ya kwantar da ita a kan teburin ƙarfe. Ya ba ni bakin tef ɗinsa na dafe a gindinta, shi ya ja zuwa ɗaya ƙarshen.

"Busa casa'in da ɗaya da ɗan ɗori, ya Hajj," in ji shi.

Na ɗauki alli na tsuguna a ƙasa. Na raba lambar gida huɗu, zira'i ɗaya ya tashi inci ashirin da uku saura kaɗan. Na haɗa udu da rabinsa, na samu inci ɗari da talatin da bakwai. Na faɗa da ƙarfi har masu aikin suka waiwayo. Ustan ya sake lissafawa a wayarsa ya gyaɗa kai, ya ce zai rage kaɗan saboda wurin maƙalewa, ya yi ƙofar ɓangare biyu.

Baba ya daɗe yana kallon lambar da ke ƙasa. Sannan ya ce, "'Yata, sake faɗa mini." Na sake. Ya maimaita a hankali, yana murmushi, ya ce tun yana saurayi yake ɗauke da sandar nan bai taɓa sanin tana da wani suna a bakin maƙera ba. Ya kira mai shayi ya sa aka ba kowa a shagon.

Ranar da aka kawo ƙofar a bayan mota, layinmu kaf ya fito. Aka ɗaga ɓangaren farko, aka ɗaga na biyu, ni na rufe ido. Sai na ji ƙarar sakata ta shige raminta, mata suka ɗau guɗa. Ko yatsa ba ya shiga tsakanin ɓangarorin biyu.

Kakata, wadda ƙafa ta hana ta fita sosai, ta sa aka kai mata kujera bakin ƙofar. Ta ce shuɗin fenti za a shafa wa ƙofar, Baba ya ce kore. Suna cikin wannan ja-in-ja na aika aka sayo shuɗin, na fara shafawa daga ƙasa. Baba ya tsaya yana kallo na ɗan lokaci, sannan ya naɗe hannun jallabiyarsa ya ce in ba shi burushin, sama ta fi ƙarfina.