Daƙiƙa Arba'in da Ishaƙu Ya Yanke

Duk wanda ya san kasuwar Tasawa ya san Ishaƙu mai tura waƙa a waya, ya kuma san ba a kawo masa wargi. Ana cewa zafin kwamfuta ne ya hau masa kai. Ƙarya ne, masu faɗa dai ba su san tushen abin ba.

An haife shi shekarar babban fari, wadda soja suka fara hawa mulki. Yana ɗan shekara goma fari ya dawo. Da idonsa ya ga ubansa na zura babbar riga ya zauna ƙofar gida yana sakace, alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Ƙanwarsa ta rasu a bazarar nan. Kawunsu na Maraɗi, mai hatsi buhu-buhu, bai ji komai ba sai saƙon rasuwa. Tun daga nan Ishaƙu ya tsani jin "lafiya lau" a bakin mai jin yunwa.

Da wasiƙar kaset ya fara sana'a: matan 'yan ci-rani su zo su yi magana, ya naɗa, matafiyi ya kai. Da kaset ya mutu ya sayi tsohuwar kwamfuta. Murya in ta shiga cikinta, tana zama a abin da yake kira puroje, inda ake yanka a liƙa. Shi kuwa ba ya zubar da abin da ya yanke, sai ya tura shi layin ƙasa ya kashe masa sauti. To, waya ba ta san puroje ba, sai an matse shi ya koma MP3 ɗan mitsitsi kafin ya shiga katin memorin waya. Abin da aka matse kuma ya matsu, furar da aka dama ba ta komawa gero.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki, damina ta riga ta ci amana. Su kansu sojojin sun faɗa a radiyo cewa akwai yunwa. Wata ranar kasuwa Barira ta iso a amalanke daga wani ƙauye na Korgom, tare da Umaru, wan mijinta. Mijin, Jatau, yana aikin gona can cikin hamadar Libiya inda waya ba ta kamawa, kuma jibi wani zai tafi ya kai masa katin.

Ishaƙu ya fara naɗa, ta gaida mijin, ta gaida abokan zamansa. Sannan muryarta ta sauka.

"Baban yara, hatsi ya ƙare tun watan jiya. 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa muna ci. Ɗiyarka Lauratu ba ta iya tsayuwa, ƙahwahunta sun kumbura. In da hali, ko mi ka samu ka aiko, ko ka taho."

Umaru ya buga sandarsa a ƙasa. "Cire wanga."

"In cire mi?" in ji Ishaƙu.

"Katin ga cikin mutane za a saka shi. Kana so 'yan garinmu su ji ni, Umaru, na kasa riƙe gidan ƙanena? Ruwa ya kusa. Cire."

"Malam, soja ma da bindigarsu sun hwaɗi ana yunwa. Kai ka hi su girma ne?"

Ishaƙu ya juya wajen Barira, don ita ce mai magana. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gidan Umaru za ta kwana, a amalankensa za ta koma.

"A cire, tunda Yaya ya ce."

Nan ne Ishaƙu bai yafe wa kansa ba har yau. Yana da baki, ga hannu a kan na'ura, Umaru kuwa ko harafi ɗaya bai iya karantawa a gilashin ba. Da ya matse saƙon yadda yake ya saka a kati, wa zai sani? Amma Umaru ya ce sai an kunna ya ji, ga layi a bayansu, mai abu kuma ta ce a cire. Ya ja daƙiƙa arba'in zuwa layin ƙasa, ya liƙa gaisuwa da sallama, ya matse. Saƙo ya fito sumul, gaisuwa zalla, ba ko tari a ciki.

Wata goma bayan nan yaƙi ya koro 'yan ci-rani daga Libiya. Wani dogon mutum ya tsaya gaban rumfar Ishaƙu da kati a tafin hannu. Ya ce shi ne Jatau. Ya ce sau ɗari ya saurari saƙon nan yana murna, har ya sayo wa Lauratu 'yan takalma jajaye, ya zo ya tarar da kabarinta. Barira ta ce masa ta faɗa, Umaru ya ce ba ta faɗa ba.

"Kai ka naɗa. Wa ke ƙarya?"

Ishaƙu ya juya wajen kwamfuta. Ya nemo puroje, ya buɗe wa layin ƙasa sauti. Muryar Barira ta fito har da kukan jakin amalanke a bayanta. Jatau ya saurara a tsaye. Da ta kai "ko ka taho" sai ya durƙusa a ƙasa, ya ce a maimaita.

"Ni na yanke," in ji Ishaƙu. "An ce in yanke, na yanke. In duka za ka yi, ga ni."

Jatau bai ɗaga hannu ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Katin kawai ya miƙo.

"Sa mani shi duka."

Ishaƙu ya mayar da daƙiƙa arba'in wurinsu, ya matse, ya saka.

Yau ko ango ne ya ce a goge masa in'ina daga saƙo, Ishaƙu zai nuna masa hanya, ya ce ga masu yanka can layin mahauta. Ya rasa masu ciniki da yawa, ko a jikinsa. Jatau kuma, in ji mutanen Korgom, har yanzu in ya fita gona katin na cikin wayarsa, kuma ba gaisuwar yake saurare ba.