Ƙishirwa a Gaban Suruki

Ina da shekara hamsin da biyu na koyi hawan keke, kuma ba don sha'awa ba. Likitar unguwarmu a nan Manchester ce ta duba sakamakon jinina ta ce sukari ya fara leƙowa, ko dai in motsa jiki ko in shiga haɗiyar ƙwayoyi har iyakar rayuwa. Ita ta rubuta mini kwatancen wani aji na mata zalla da hukumar gari ke yi a wani fili bayan kasuwar Gorton duk safiyar Asabar. Daga unguwarmu Cheetham Hill bas biyu nake hawa in je a yi mini dariya. Ni da na tashi a cikin birnin Kano, inda ko sirdin keken yayana na taɓa sai an ce ba ni da kamun kai, ga ni da hular kwano a kan hijabi, wata Baturiya mai furfura tana riƙe da bayan sirdina tana gudu. Faɗuwar da na yi ba ta ƙirguwa. Ran da ta sake ni ban ma sani ba, na yi zagaye biyu ina ta yi mata masifa kada ta kuskura ta saki, alhali tana can tsaye tana shan shayinta.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, yau ka ji an rufe wancan wuri, gobe an rage wa wancan ma'aikata, har abin ya iso kan ajinmu. A Asabar ɗin ƙarshe wata daga cikin matan ta tambaye ni ko gaskiya ne a garinmu ba komai sai rairayi da raƙuma. Raina ya ɓaci, don ni hamada ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. Amma bakina ba ya jiran shawarata. Na ce mata ban taɓa gani ba, amma zan je in gani, kuma a kan keke. Kafin sati ya zagayo maganar ta isa unguwarmu. A wajen wani suna wata Hajiya ta tambaye ni a gaban mutane ko an ware mini raƙumin da zai kwaso ni in na faɗi. Na yi dariya tare da su, na koma gida ina huci. Daga ranar na ƙudurta cewa sai na kai tudun rairayin hamada da ƙafata a kan feda, ba a kwance a bayan mota ba.

'Yata ta fari, wadda ke aure a Handsworth ta Birmingham, ita ta nemo tafiyar: kwana biyar a kudancin Maroko har zuwa wani babban tudun rairayi, da jagora, da mota mai bin ayari da kaya da tantuna. Tare za mu tafi. Wata huɗu ina horo a bakin magudanar jiragen ruwa, cikin yayyafin Manchester da ba ya gajiya. Saura sati uku asibitin da take aiki ya soke hutunta, wai ba ma'aikata. Maigidana ya nuna gwiwarsa ya ce shi kam a kai kasuwa, kuma ba zan tafi ni kaɗai ba. Sai yarinyar nan ta bugo waya tana murna, wai an samu mafita, mijinta zai raka ni.

Washegari na hau bas zuwa Birmingham don in kashe maganar. Surukin nawa, wanda nake kira Likita don aikinsa ke nan, shi ya buɗe ƙofa, ya durƙusa a ɗan siririn soron gidan har kafaɗarsa na gugar bango, ya gaishe ni kansa a ƙasa. Shekara shida da aurensu, abin da ya taɓa haɗa mu bai wuce ina kwana da ina gajiya ba. Ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, shi ma haka. Na ja 'yata kicin na ce mata ta yi hankali da ni. Ta ce ai a shari'a muharramina ne. Na ce na sani, ba karatu na zo ɗauka ba. Ta ce to ko shi ko a fasa. Na tuna fuskar Hajiyar nan ta wajen suna, na ce a bar shi ya zo.

Mu goma ne a ayarin, sauran duk Turawa, yawancinsu sun yi ritaya. Jagoranmu ɗan ƙasar ne, siriri, magidanci, da shuɗin rawani, ba ya ɗaga murya. Da safiyar farko ya kafa mana doka ɗaya. A sha ruwa tun kafin a ji ƙishirwa, duk inda aka yada zango zai jijjiga gorar kowa ya ji, kuma wanda jiri ya kayar sau ɗaya, kekensa ya hau saman mota ke nan har ƙarshen tafiya. Na gyaɗa kai kamar kowa.

Da muka bar gidan ƙarshe na garin da muka kwana, ƙasa ta buɗe. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. A Kano ido yana cin karo da katanga, a Manchester da gajimare, amma a nan sai ya tafi ya yi ta tafiya bai samu abin da zai tsayar da shi ba. Duwatsu ne can nesa, hawa-hawa, ja a ƙasa, sai ruwan ƙasa, sai wani launi da ban san sunansa ba ko da Turanci. Ga shiru. Da muka tsaya, ƙarar taya ta ɗauke, sai na ji bugun jinina a cikin kunnena. Tsoro ya kama ni, irin na tsayuwa a gaban abin da ya fi ƙarfinka, na sami kaina ina tasbihi ban yi niyya ba.

Matsalar ita ce Likita. Ladabi ya hana shi wuce ni, don haka yana bayana, taku goma, ko na yi sauri ko na yi sanyi. Duk sanda hannuna ya nufi gora sai in tuna idonsa na kaina, in mayar da hannun kan birki. In ɗaga kai in yi ta kwankwaɗa, maƙogwaro na motsi, a gaban mijin 'yata? Ga wata kuma: wanda ya sha ruwa dole ya nemi kewayawa, kuma a filin nan ba ko kaba da za ta rufa wa mutum asiri. Matan Turawa sai su zaga bayan mota suna hira. Ni kuwa da in tashi in nufi bayan motar nan yana kallo, gara ƙasa ta haɗiye ni.

Sai na yi dabara, kuma a lokacin na ɗauka wayo ne. In sha da asuba a cikin tanti, in sha bayan magariba, tsakani kuwa in riƙa jiƙa hijabina da ruwan gorar don jagora ya ji ta yi sauƙi. Na ce wa kaina ai mu da muka yi azumi a zafin bazarar Kano, wannan wasa ne. Na manta cewa mai azumi a Kano yana kwance ne a ƙarƙashin darbejiya, ba feda yake takawa daga hantsi zuwa la'asar ba.

A rana ta biyu muka gangara wani busasshen kogi. Jagora ya tsayar da mu, ya ɗauki wani baƙin dutse, ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa, ya miƙo mini. A cikin dutsen akwai katantanwa, a naɗe, da zanenta ɗaya bayan ɗaya, ta zama dutse ita ma. Ya ce duk inda muke tsaye da can ƙasan teku ne. Na duba ƙasa, ashe duk inda na taka su ne, ba iyaka. Na tsaya riƙe da abin, leɓena a bushe, a wurin da kifi ya taɓa iyo sama da kaina. Na juya don in nuna wa wani, Likita ne kaɗai a kusa, sai na ajiye dutsen a kan wani dutse inda zai gani, na matsa. Ya zo ya ɗauka, ya daɗe yana kallo.

Rana ta uku fako ne, shimfiɗaɗɗe, baƙar tsakuwa har ƙarshen gani. Kawalwalniya na ta wasa a gabanmu, tabki guda da bishiyoyi a kife a ciki, kana matsowa yana ja da baya. Kaina na sarawa tun hantsi. Harshena ya yi kauri, gumi ya daina fito mini, kuma na san wannan ba alamar alheri ba ce. Ban ma ƙara damuwa da jiƙa hijabi ba. Ina ta ce wa kaina in kai wancan dutsen, in na kai sai in ce wancan. Ina cikin haka na ji ƙarar ƙarfe a kan tsakuwa a bayana.

Likita ne a ƙasa, keke a kansa, tayar baya na juyawa.

Ban san sanda na sauka ba. Na janye keken, na zauna a tsakuwar nan mai zafi na ɗora kansa a cinyata, na cire masa hular kwano. Leɓensa ya tsattsage, ya yi fari. Na fizgo gorarsa, a cike take har wuya. Na buɗe na ɗiga masa a baki, ya buɗe ido, ya ga wadda ke riƙe da shi, ya yi yunƙurin tashi don kunya. Na danne kafaɗarsa.

"Sha," na ce masa. "Kai da kake likita?"

Ya sha, ya sha, sannan ya ce da wata 'yar murya, "Mama, na ga ba ki sha ba."

Ashe kwana uku yana lura da ni. Yana ganin hannuna na zuwa gora yana dawowa, shi kuma ya ga ba zai iya shan ruwa a bayan surukarsa tana fama da ƙishirwa ba. Da me yake rage tasa gorar kafin jagora ya jijjiga, ban tambaya ba har yau. Haushi da tausayi suka haɗu mini. Na so in zage shi, na so in yi kuka, ba ruwan hawayen ma a jikina.

Jagora ya iso da mota. Ya haɗa wa Likita ruwan gishiri da sukari, aka kwantar da shi a inuwar motar, sannan ya ɗauki gorata ya jijjiga. Ya yi wa direba alama a ɗora kekuna biyu a sama. Nan fa na riƙe kan kekena da hannu biyu. Na ce ni ban faɗi ba, dokarsa ta wanda ya faɗi ce. Ya ce saura ƙiris. Sai na zayyana masa komai da Turancina da ke karkacewa in raina ya ɓaci, wane ne wannan a wurina, da abin da ba a yi a gaban suruki. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce a dangin mahaifiyarsa can kudu namiji ba ya sauke rawani daga bakinsa a gaban surukai, ya san abin sarai. Amma su, in ji shi, suna juya baya su sha, shi ya sa har yanzu akwai sauransu.

Ya cika gorata ya miƙo mini. Ya ce in shanye ta nan take a gabansa, kuma haka a kowane zango, in ba haka ba mota. Likita na kwance taku uku daga inda nake, idonsa biyu. Na duba keken, na duba gorar. Na ɗaga kai na fara sha, ina jin ƙarar maƙogwarona kamar ana zuba ruwa a randa. Da na saci kallo sai na ga yaron nan ya jawo hular kwanonsa ya kife a fuskarsa. Haka ya bar ta har na gama.

Kekensa bai ƙara sauka ba. Kwana biyun da suka rage yana cikin mota, ni ina gaba ba kowa a bayana, kuma abin mamaki sai na ji bayan nawa ya yi fayau. Duk zango motar za ta tsaya kusa da ni, hannu ya fito ta taga da gora a cike, fuskar mai hannun tana kallon ɗaya gefen. In na nufi bayan mota kuwa, sai ya tuna yana da tambayar da zai yi wa jagora can gaba.

Da la'asar ɗin rana ta biyar muka hango tudun. Da fari na ɗauka gajimare ne ya sauko, don ban yarda rairayi zai iya yin wannan tsayi ba. Awa biyu muna tunkararsa yana ƙara girma, launinsa na sauyawa daga ruwan zuma zuwa ja, gefensa a yanke sumul, iska na ɗebe ɗan ƙura daga ƙololuwarsa. Hanyar ta koma yashi, taya na nutsewa, cinyoyina na rawa. Sau biyu jagora ya waiwayo ya dube ni, sau biyu na kawar da kai na ci gaba da takawa. Turawan da suka riga ni suna tsaye a gindin tudun. Na taka har tayar gaba ta shige rairayin ta tsaya da kanta.

Na sauka, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna. Na tusa hannu cikin rairayin, sama da ɗumi, ƙasa da sanyi. Na ɗaga kai ban ga ƙarshensa ba sai da hular kwanona ta taɓa bayana. Wannan karon hawayen sun samu ruwan fitowa, na bar su.

Can bayana na ji an buɗe ƙofar mota. Likita ya taka ya hau wani ɗan tudu yana ɗaga waya sama yana neman layi, har ya samu matarsa. Bai san iska na kawo mini muryarsa ba.

"Mama ta iso," ya ce. "A kan kekenta."

Layin ba kyau, sai da ya faɗa sau uku, kuma a na ukun muryarsa ta karye.